Daminar da Na Kwaikwayi Baba

Nasiru, kai ka fi yawan faɗin maganar, Rukayya kuma ta riƙa gyaɗa kai: wai kakanku ne ya hana ni tafiya gidan rediyo, da ba don shi ba da a Gusau kuka tashi, da yanzu sunana ya kai ko'ina. Ban san wanda ya fara ba ku wannan labari ba. Ina dai zargin gwaggonninku, don su a wurinsu yabo ne a ce ɗa ya bi maganar uba. Na daɗe ina jin ku ina yin shiru. Yanzu da na ajiye aiki, gwiwa kuma ta hana ni yawo, na ga gara in rubuta yadda abin ya kasance, tun da wanda ake ɗora wa laifin ba ya nan balle ya kare kansa.

A lokacin ina koyar da Hausa a Gummi, ban cika talatin ba, mahaifiyarku tana ɗauke da cikin Nasiru. Ƙauyenmu yana hayin gulbi, kuma Baba shi ne mai fito. Da rani yaro ma yana tsallake gulbin da ƙafa, amma da zarar ruwa ya zauna, gulbi ya kawo, to duk mai son zuwa kasuwa ko asibiti sai ya shiga jirgin Baba. Gado ne, ubansa ya yi, kakansa ya yi. Ni kaɗai ne namiji a cikin 'ya'yansa. Bai taɓa buɗe baki ya ce in bar koyarwa in dawo ba. Abin da yakan ce kawai, duk ranar da ya tsallakar da ni zan koma Gummi, shi ne: "Jirgi na nan." Ni kuwa in ce, "To, Baba," in saɓa jakata ina jin kamar an ɗaura mini dutse a ƙafa.

Muna da ƙungiyar wasan kwaikwayo a garin, malamai ne da 'yan kasuwa biyu da wani mai ɗinki. Shugabanmu Malam Isa, mutumin Anka, dattijo mai faɗa, wanda ya koyar da rabinmu. A shekarar ya ce za mu yi wani tsohon wasa da duk muka karanta tun muna ɗalibai, mu a tsakaninmu wasan Maƙeri muke kiransa. Labarin wani tsohon maƙeri ne mai ɗa guda. Ɗan yana son ya bi jirgin ƙasa ya ga duniya, uban ya rantse maƙerar kakanninsa ba za ta mutu a hannunsa ba. Suka yi ta ja, a ƙarshe ɗan ya tafi, aka bar tsoho shi kaɗai yana zuga wuta. Tun ranar da na fara karanta wasan nake bayan ɗan. Na haddace maganganunsa ba don jarrabawa ba, don su ne abin da na kasa gaya wa Baba. Ga shi kuma ba a daɗe da ba mu jiha tamu ba, gidan rediyo yana neman masu murya, Malam Isa ya ce wani babba daga can zai zo ya kalli wasan bayan kaka. Na riga na ga kaina a matsayin ɗan, na ga kaina a motar Gusau.

Ranar rabon matsayi Malam Isa ya ba Hamisu, abokin aikina, matsayin ɗan. Ni ya ce in yi uban.

"Malam, ai ni ɗan na iya," na ce. "Ko yanzu ka ce in fara, ba sai na duba takarda ba."

"Shi ya sa ban ba ka ba," in ji shi. "Wanda ya iya abu, me zai koya?"

Na karɓa ba don na so ba. Na yi uban yadda na ɗauke shi: mai tsawa, mai zare ido, mai buga ƙafa a ƙasa. Mako biyu muna gwaji Malam Isa yana kallona yana taunar goro. Ranar da za a ba da dogon hutu ya kira ni gefe.

"Lawali, wannan dodo kake yi, ba uba ba. Kana da uba a raye?"

"Ina da shi, Malam."

"To tafi ka kalle shi. Ban ce ka gaishe shi ba, na san kana gaishe shi. Kallo na ce. Yadda yake zama, yadda yake ɗaukar abu, abin da yake yi in ransa ya ɓaci."

Da haka na kai mahaifiyarku gidansu, ni na wuce ƙauye, na shiga jirgin Baba na zauna daga asuba har faɗuwar rana. Abin mamaki, na shekara kusan talatin ina ɗan mutumin nan, amma ban san da wane hannu yake fara kama filafilin tuƙi ba. Na zaci zan gaji a kwana biyu, sai na tarar kullum da sabon abin da zan gani. Baba ba ya tsawa. In ransa ya ɓaci muryarsa ƙasa take yi, har sai ka matso kafin ka ji, kuma yakan yi ɗan tari kafin ya faɗi magana mai nauyi. Shi ke tsara zaman kowa: matan Fulani da ƙoren nono a tsakiya, mai keke a gaba, akuya a ɗaure a ƙarƙashin ƙafar mai ita. In yaro ya tsorata da igiyar ruwa ba ya lallashinsa, sai ya tambaye shi sunan karen gidansu. Sannan ga tambaya. Duk baƙon da ya shigo sai Baba ya cika shi da tambayoyi. Wani direba da ya taɓa zuwa Ikko ya sha tambayoyi tun daga wannan gaɓa har waccan: shin ruwan teku yana da gaɓa ta biyu, masu jirgin can da me suke gane hanya, in hadari ya taso ina suke fakewa. Da direban ya sauka Baba ya daɗe yana girgiza kai yana murmushi. Mutumin da bai taɓa wuce Gummi ba sai sau ɗaya, zuwa Sakkwato.

Ni ina kallo ina adanawa. In na koma ɗaki sai in gwada tarin, in gwada zaman, in gwada yadda yake karkata kai gefe guda in an yi masa magana. Shi kuwa Baba fassarar da ya yi wa zamana daban ce. Na ji shi yana gaya wa wani Bafulatani abokinsa, cikin murya ƙasa-ƙasa, "Malam ya dawo ga ruwa." Ni ke nan, don Malam suke kirana a gida. Na ji kunya, amma ban gyara masa ba. Wata rana dai ya juyo ya ce:

"Wai mi kaka kallo haka? Tun sahe nike jin idonka bisa wuyana."

"Aiki nake koyo, Baba."

"To kalli ruwa. Ni mi ag gare ni?"

Akwai wani abu kuma da ya ɗaure mini kai. Inna ta fitar da turminta daga gida ta kai shi gindin wata ƙirya a bakin mashigi, nan take daka duk yamma. Gidanmu da mashigin akwai 'yar tafiya, kuma Inna ba mai son zama cikin mutane ba ce. Na tambaye ta, ta ce iska ta fi daɗi a nan. Ni ɗan fari ne, ba ta faɗin sunana, ba ta kuma doguwar magana da ni, don haka na bar zancen.

Da aka koma makaranta na zo wurin gwaji da ƙarfin gwiwa. Na bar tsawa. Na sauke murya, na yi tarin. Na ma juya maganganun maƙerin daga Hausar littafi zuwa irin tamu, yadda Baba zai faɗe su. Hamisu ya shigo a matsayin ɗan, na bari sai da ya yi sallama kafin na karkata kai na kira sunansa. Na miƙa hannu na shafa tabarma kafin na ɗauki guduma. Duk yadda na gani haka na yi, ban ƙara ba ban rage ba. Wurin ya yi tsit, na san abin ya shige su. Sai Malam Isa ya ɗaga hannu.

"Madalla, yanzu ka kawo uba. Amma Lawali, wa ya ce maka maƙerin makaho ne?"

"Makaho kuma, Malam?"

"To me ya sa kake lalube? Me ya sa ba ka gane ɗanka sai ya yi magana?"

Na tsaya da gudumar katako a hannu. Wata guda na yi ina kallon mutumin nan, na kwashe komai nasa na zuba a jikina, amma ban san abin da na kwaso ba sai da wani ya gani a kaina.

Ranar Asabar na koma gida. Na isa gaɓar Gummi na tarar jirgi ya kawo mutane, na tsaya gefe cikin masu jira, ban yi sallama ba. Tsakanina da Baba bai fi tsawon jirgin ba. Ya ɗago kai, idonsa ya bi ta kaina ya wuce, kamar yadda ido ke wuce kututture. Sai da na ce, "Baba, sannu da aiki," fuskarsa ta washe. Da na matso na duba da kyau, na ga wani fari-fari ya rufe baƙin idon, na dama ya fi yawa. Muna tsakiyar gulbi rana ta yi ƙasa, sai na jiyo sautin taɓarya daga hayi. Na ga Baba ya karkata kai, ya ɗan juya hancin jirgin ya bi sautin.

Na sami Inna a gindin ƙiryar bayan mutane sun watse.

"Inna, tun yaushe?"

Ba ta tambaye ni me nake nufi ba. Ta ci gaba da kwashe gari daga turmi.

"Wagga ce damina ta biyu. Da rana shina ganin duhun itace, shi gane gaɓa. In marece ya yi sai kunne."

"Kuma ba wanda ya gaya mini? Inna, rayukan mutane ne fa a jirgin nan."

"Ka ji an ce ya taɓa kihe wani?" ta ce, a karo na farko ta dube ni ido cikin ido. "Shi yac ce kar a hwaɗa maka. Yac ce in Malam zai dawo, shi dawo don ruwa, ba don tausai ba."

Na koma Gummi da wannan a cikina. Na roƙi wani maƙwabcinmu ya riƙa shiga jirgin da yamma kamar mai rakiya, ya yarda. Ban gaya wa mahaifiyarku ba tukuna. Na ci gaba da gwaji, kuma wani abu ya canja: maganganun maƙerin da a da nake jin su kamar ƙaya, yanzu in na faɗe su sai in ji tsoro ne a ƙarƙashinsu. Na fara tambayar kaina abin da ban taɓa tambaya ba a duk shekarun da na yi ina koyar da wasan, wato me tsohon ya sani wanda bai gaya wa ɗansa ba.

Aka yi wasan bayan la'asar a filin makaranta, an gama girbin gero, gulbi ya fara ja da baya amma bai kai a taka ba. Ban gayyaci Baba ba. Hamisu ne ya leƙa ta bayan zanen da muka rataya ya ce, "Ga tsohonka can a gaba." Ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya bar wa maƙwabcin nan jirgi, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Na fita dai na yi abin da na koya. Da na yi tarin nan, mutanen ƙauyenmu da suka zo kasuwa suka fashe da dariya, wani ya ce, "Wallahi mai hito ne!" Baba bai yi dariya ba, ya karkata kai yana saurare. Muka kai wurin da maƙerin ke gaya wa ɗansa cewa in ya taka ƙofar nan ya fita, to kada ya dawo ko da gawar uban ce za a wanke. Na faɗe ta a hankali, da muryar Baba. Sai na ji daga gaba an ce da ƙarfi:

"A'a! Ba a hwaɗin haka!"

Filin ya ɗauki dariya da tafi. Ni kaɗai na san ba wasa yake ba. Da ƙyar na kai ƙarshe.

Baƙon gidan rediyon ya kira mu ni da Hamisu. Ya ce gurbi ɗaya ne, kuma ni yake so, in na shirya in same shi bayan Sallah. Ya yaba muryar, ya ce irin Hausar nan ta gida ita suke nema. Baba yana tsaye kusa, ya ji komai.

Na raka shi gulbi. Maƙwabcin ya tsallako da jirgi, Baba ya karɓi filafili ya ce masa ya jira a nan, za a dawo a ɗauke shi. Muka shiga mu biyu. Sai da muka yi nisa da gaɓa ya yi tari.

"Ashe abin da kaka kallo ke nan."

"Ka yi haƙuri, Baba."

"Haƙurin mi? Ai ka iya. Ni ban san haka nike tari ba." Ya yi 'yar dariya. "Amma maƙerin ga naku bai da wayo. Mu ga sana'armu, wanda duk yas shigo jirgi hidda shi akai. Ba a aje mutum tsakiyar ruwa don ana son shi. Ka tai Gusau."

"Idonka fa, Baba?"

Filafilin ya tsaya. Ruwa ya ɗan ja mu ƙasa kafin ya sake tsoma shi.

"Innarka ta cika surutu," ya ce.

"Ba ita ba ce. A jikina aka gani."

"To ko a jikin wa anka gani, ido nau ne. Ni da nike yaro, wasu masu jirgi sun zo daga Yawuri, sunka ce in bi su. Har na ɗaure kayana. Ubana bai hana ni ba, kallona kawai yay yi, niz zauna. Shekara hamsin ina tambayar mutane abin da ke can. Kai ba ni kallon ka. Ko na so ma, ba ni iyawa. Tahi."

Wannan ita ce maganar kakanku, ban ƙara mata ko harafi ba. Ku riƙe ta, ku daina cewa ya hana ni.

Ni na ƙi tafiya. Na nemi a mayar da ni makarantar firamare ta kusa da ƙauyenmu, aka mayar da ni, ana mamakin mai neman komawa baya. Da safe aji, da yamma da ranakun kasuwa jirgi. In kun tambaye ni dalili, ba ni da amsa guda. Akwai hakkin uba, akwai mutanen da ke shiga jirgin da jarirai a baya. Amma na sha tambayar kaina ko akwai tsoron Gusau a ciki, tsoron in je in tarar uba ɗaya kawai na iya kwaikwaya. Akwai kuma wani abu da zai ba ku dariya: ban gama kallon mutumin ba. Na fara karanta shi a makare, na ji ba zan iya ajiyewa a tsakiya ba.

Abin bai zo da sauƙi ba. Mahaifiyarku ta yi kuka, don ta riga ta gaya wa ƙawayenta za ta birni, kuma a ƙauyen nan ta haifi Nasiru, cikin wahalar da har yau ban daina jin nauyinta ba. Hamisu ya tafi a madadina, ya yi suna, shekara da shekaru ina jin muryarsa daga rediyon masu shiga jirgi. Wata rana in ji daɗi, wata rana in ce a rage sauti. Baba kuwa fushi ya yi da ni, fushi na gaske. Ya yi watanni ba ya amsa mini sai gaisuwa. Ya gaya wa Inna wai na mai da shi maƙeri da ƙarfi da yaji. Daga baya likitocin ido suka zo Gummi aka yi masa aiki, na hagu ya buɗe kaɗan, na dama ya riga ya tafi. Bai sake riƙe filafili da mutane a ciki ba.

Amma bai bar jirgin ba. Kullum yana zaune a gaba, ni ina baya ina tuƙi, yana yi wa baƙi tambayoyinsa. Ranar da fushin ya ƙare, damina ta sake zagayowa, mun sauke mutane muna komowa mu kaɗai, sai ya ce ba tare da ya juyo ba:

"Wasan ga naku, yi min shi."

Na fara da maganar ɗan, don ita ce farko. Ya ɗaga hannu.

"A'a. Kai yi uban, ai ka iya shi. Ni koya min na ɗan."

Na koya masa. Baba bai yi boko ba, amma kansa kamar tarko ne, kafin damina ta fita ya haddace duka. Ya zama duk sanda jirgi ya zama namu mu biyu, sai mu yi. Ni mai shekara talatin ina tari ina cewa maƙerar kakannina ba za ta mutu ba, shi tsoho mai furfura yana zaune a hancin jirgi yana ba ni amsa. Akwai wurin da ɗan ke cewa shi zai tafi, ko da abin da zai tarar a can bai kai na gida ba, yana son ya gani da idonsa. In Baba ya zo nan sai ya miƙe zaune, ya fuskanci inda gulbi ya nufa, ya ɗaga muryar da ban taɓa jin ya ɗaga a gida ba, har masu wanki a gaɓa su ɗago kai. Ya fi Hamisu iyawa nesa ba kusa ba.

Sau ɗaya na tambaye shi, na ce, "Baba, wai in kana faɗin wannan, wasa kake ko da gaske?"

Ya yi tari, na kasa kunne.

"Kula da jirgi, Malam," ya ce. "Ruwa na jan mu."